In na'ura ta yi shiru

Daga rijiyoyin Agadem zuwa gaɓar teku a ƙasar Binin, bututun ɗanyen mai ya kusa kilomita 2,000. Babbar wayar kuran da ta haɗa Maraɗi da Damagaram da Najeriya kuwa daga Katsina ta taso, ta biyo ta Gazawa. Babu kamfanin da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kan kowane zango na irin waɗannan hanyoyi dare da rana. Shi ya sa a ko'ina cikin duniya aka koma ga dabara guda: na'urori su yi awo a daji su aiko da labari, mutane ƙalilan a cikin ɗaki su karanta su mayar da umurni. Dabarar tana da kyau muddin labarin yana isowa kuma gaskiya ne. Abin da ya auku a Amurka a shekarar 2003 ya nuna abin da kan biyo baya in labarin ya yanke, masu jiran sa kuma ba su sani ba.

Ranar da ƙararrawa ta mutu

Alhamis 14 ga watan Agusta 2003 rana ce ta zafi a jihar Ohayo. A ɗakin sa ido na kamfanin wuta FirstEnergy, kusa da birnin Akron, ma'aikata na zaune gaban allunan kwamfuta kamar kullum. Aikinsu ya dogara ga ƙararrawa: in wata waya ta katse, ko kaya ya yi mata yawa, kwamfuta ta yi ƙara ta kuma rubuta abin da ya faru. Da ƙarfe 2 da minti 14 na rana, sashen da ke buga ƙararrawar ya tsaya cik. Bai yi ƙara ba, bai rubuta cewa ya tsaya ba. Ɗakin ya yi tsit, ma'aikatan kuma suka ɗauka lafiya ce ta kawo shirun.

A waje kuwa al'amari na ɓaci. Wayar ƙarfe in ta ɗauki wuta da yawa takan yi zafi, ta miƙe, ta lanƙwaso ƙasa. Da ƙarfe 3 da minti 5, wata babbar waya mai volt dubu 345 ta taɓa itacen da ba a sassabe ba, ta katse. Kayanta ya koma kan ƴan uwanta, su ma suka ƙara zafi. Ta biyu ta faɗi da ƙarfe 3 da minti 32, ta uku da ƙarfe 3 da minti 41. Ma'aikatan kamfanonin maƙwabta sun yi ta bugo tarho suna cewa suna ganin abin da bai dace ba, amma mutanen Akron suka fi gaskata ƙararrawarsu da ba ta ce komi ba. Sun haura sa'a guda kafin su gane cewa ta mutu.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 wata babbar waya ta sake faɗuwa, daga nan abin ya fi ƙarfin kowa. Cikin mintoci kamar bakwai wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyon 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada, har da biranen Niyu Yok da Toronto. Tashoshin samar da wuta 265 ne abin ya shafa. Kwamitin binciken da ƙasashen biyu suka kafa ya fitar da rahotonsa a watan Afrilu 2004, ya lissafa itatuwan da ba a yanke ba da raunin shiri, ya kuma sa rashin sanin halin da ake ciki a sahun manyan dalilai. Kuskuren da ya kashe ƙararrawar ɗan ƙarami ne a cikin rubutun kwamfuta: ayyuka biyu suka yi karo wajen rubutu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, sai layin saƙonni ya cushe.

Daga ma'auni zuwa allo

Irin wannan tsari masana na kiran sa SCADA, masu Faransanci kuma kan ce télégestion ko téléconduite. Ko na wuta ne, ko na ruwa, ko na mai, gininsa ɗaya ne. A can wurin aiki akwai ma'auni, wanda ke jin tsayin ruwa a tanki, ko matsin mai a bututu, ko yawan wutar da ke bin waya. Kusa da shi akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe, wadda za a iya kira wakili, domin ita ke tattara awon ta kuma zartar da umurni a madadin masu ɗaki. Sai hanyar da saƙo ke bi. Sai uwar kwamfuta a ɗakin sa ido, sannan mutum gaban allo.

Tun daga matakin farko injiniyoyi suka yi tunanin shiru. Yawancin ma'aunai a masana'antu suna ba da labarinsu ne ta hanyar ƴar wuta da ke hawa da sauka tsakanin miliyampar 4 da miliyampar 20. A ɗauki tankin ruwa na unguwa: in babu ko ɗigo a ciki ma'aunin zai aiko da 4, in ya kai rabi 12, in ya cika 20. Me ya hana a fara daga sifiri? Dalilin shi ne a bar wa sifiri ma'anarsa daban. In wakili ya ga 4, ya san tanki ya ƙafe. In ya ga sifiri, ya san waya ce ta tsinke ko ma'aunin ya mutu. Da an fara daga sifiri, da busasshen tanki da tsinkakkiyar waya sun zama abu ɗaya a idon na'ura, a yi ta tura ruwa cikin tankin da ya riga ya cika.

Kiran suna kamar a lakwal

Daga wakili zuwa uwar kwamfuta, awon kan rikiɗe ya zama jerin alamu biyu, sifiri da ɗaya, waɗanda ake kira bit. Kafin na'urori biyu su fahimci juna sai sun yarda da ƙa'idar zance: wa zai fara magana, yaya za a jera kalmomi, yaya za a san an gama. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Modbus, wadda kamfanin Modicon na Amurka ya fitar a 1979, har yau kuma ana samun ta cikin injinan wuta, da famfuna, da kayan hasken rana.

Duk wanda ya yi lakwal ya san tsarinta. Malam na kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi ba ya buɗe baki sai an kira shi. Haka uwar kwamfuta ke bin wakilai, kowane da lambarsa, daga 1 zuwa 247. Saƙon kashi huɗu ne: lambar wanda ake nufi, lambar aikin da ake so, kamar 3 mai nufin a karanto awo ko 5 mai nufin a kunna ko a kashe, sai abin da saƙon ya ƙunsa, sannan hatimin lissafi a ƙarshe. Hatimin nan kamar takardar da ɗan kasuwa ke haɗawa da kaya ne, in ya ɗora buhunan wake a mota ya rubuta adadinsu, mai karɓa ya ƙirga ya gwada. Mai aikawa na yin wani lissafi a kan dukkan alamun saƙon ya liƙa sakamakon a baya. Mai karɓa ya sake lissafin. In tsawa ko hayaniyar wani inji ta juya alama ko da ɗaya ce a hanya, sakamakon biyu za su saɓa, sai wakilin ya yar da saƙon, ya ƙi amsawa. Uwar kwamfuta ta jira ɗan lokacin da aka yanka mata, ta sake kira. In ta kira sau da dama babu amsa, sai ta rubuta wa mutumin ɗaki cewa wakili kaza ya ɓace.

Amfanin kiran suna ke nan: wanda bai amsa ba an san ba ya nan. Aibinsa kuwa jinkiri. In tambaya da amsa ta rediyo na cin rubu'in daƙiƙa ga kowane wakili, kuma wakilan 60 ne, sai an yi daƙiƙa 15 kafin layi ya sake zagayowa kan na farko. Lambar da ke kan allo ke nan tana iya zama labarin abin da ya wuce da daƙiƙa 15. Ga tankin ruwa wannan ba komi ba ne. Ga wayoyin wuta, inda makatsai goma kan iya buɗewa cikin ƙiftawar ido, jinkiri ne mai yawa.

Makiyayi da kura

Don haka aka fito da wata hanya: a bar wakili ya yi magana da kansa da zarar wani abu ya sauya. Ƙa'idar DNP3, wadda ta fito a 1993 ta kuma yaɗu a Amurka ta Arewa, tana ba da wannan dama. Haka ma ƙa'idojin hukumar IEC ta duniya masu lamba 60870-5-101 ta 1995 da 60870-5-104 ta 2000, waɗanda kamfanonin wuta na Turai da na wasu ƙasashe da dama suka runguma. Hanya ta huta da surutun banza, labari mai zafi kuma ya iso nan take.

Sai dai wata matsala ta ɓullo. Mai dabbobi ya ce wa makiyayinsa kada ya aiko da kowa sai in kura ta shiga garke. Kwana uku babu ɗan aike. Ko dai garken na lafiya, ko kuwa kurar da makiyayin ta fara. Daga gida babu yadda za a bambanta. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma a wannan sana'a magana ce mai harshe biyu. Maganin da aka samo shi ne a hana shirun daɗewa. A ƙa'idar 104, in hanya ta yi tsit na ɗan lokaci, wanda bisa al'ada daƙiƙa 20 ne, ɓangare ɗaya zai aika da ɗan saƙon gwaji, ɗayan ya amsa cewa yana raye. In amsar ba ta zo ba sai a rufe hanyar a sake neman ta. Duk sa'ad da aka sake haɗuwa kuma, uwar kwamfuta kan nemi wakilin ya zayyano halin komi daga farko, don kada a ci gaba da gini a kan tsohon labari.

Waɗannan ƙa'idoji sun ƙara wasu abubuwa uku. Na farko, wakili kan buga wa kowane labari lokacin da abin ya faru, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sau da yawa da agogon da ke karɓar lokaci daga taurarin GPS. Da haka ake gane makatsin da ya fara buɗewa da waɗanda suka bi shi, wato a raba sanadi da sakamako. Masu binciken 2003 sun sha wahala a nan, domin agogunan kamfanoni da yawa ba su daidaita da juna ba. Na biyu, kowane awo na tafe da shaidar ingancinsa: ko sahihi ne, ko ba na yanzu ba ne, ko mutum ne ya sa shi da hannu. Allon kirki kan sauya launin lambar da ta tsufa don kada ta yi kama da sabuwa. Na uku ya shafi umurni. Kafin a buɗe makatsi a tashar da ke nesa, uwar kwamfuta kan fara cewa ta zaɓi makatsi kaza, wakili ya maimaita mata abin da ya ji, sai in maimaicin ya yi daidai sannan ta ce a zartar.

Hanyoyin da saƙo ke bi

A cikin tasha guda wayar tagulla ta isa, irin wadda ake kira RS-485, mai kai saƙo har mita 1,200. In nisa ya wuce haka sai rediyo, ko a ɗora saƙon a kan wayar wutar kanta, dabarar da kamfanonin wuta suka daɗe suna amfani da ita. A sabbin layuka ana saka zaren gilashi mai ɗaukar haske a cikin siririyar wayar da ke can saman turaku tana kare tsawa. Masu bututu kan binne irin wannan zare a gefen bututun. Inda babu ko ɗaya akwai layin wayar salula, akwai kuma tauraron ɗan adam da ke tsaye a nisan kilomita kusan dubu 36, wanda hawa da saukar saƙo gare shi ke cin kusan rubu'in daƙiƙa.

Kowace hanya da abokin gabarta, Sahel kuma ta tara su. Zafin bazara na rage kwanan batir. Ƙurar hunturu na rufe faifan hasken rana da ke ciyar da wakili. Tsawar damina na ƙona kayan da ba a yi musu kyakkyawar hanyar zuba wuta a ƙasa ba. Ga masu haƙa da ke tsinka zare, ga masu kwance tagulla. Saboda haka wurare masu muhimmanci ke da hanya biyu da ba su bi ta wuri ɗaya ba, da batir da zai riƙe wakili bayan kuran ta ɗauke, domin lokacin da wuta ta ɗauke shi ne lokacin da aka fi bukatar labarin tashar.

Wa ke magana?

Hatimin lissafi na tabbatar da cewa saƙo bai lalace a hanya ba, amma ba ya faɗin wanda ya aiko shi. Waɗanda suka tsara tsofaffin ƙa'idojin sun ɗauka babu baƙon da zai shiga wayarsu. A farkon shekarar 2000, a gundumar Maruci ta ƙasar Ostareliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya girka kayan tafiyar da ruwan ƙazanta ya nemi aiki a hukumar gundumar bai samu ba. Sai ya sa rediyo da kwamfuta a motarsa, ya ari lambar wata tashar famfo, ya riƙa aika umurnin ƙarya yana kashe ƙararrawa. Lita kimanin dubu 800 na ƙazanta suka malala cikin lambuna da magudanan ruwa kafin a kama shi a watan Afrilu. A 2001 kotu ta yanke masa shekara biyu.

Abin da ya faru a Yukren ranar 23 ga Disamba 2015 ya fi wannan tsari. Maharan sun kwashe watanni cikin kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku, sannan suka buɗe makatsai daga nesa, suka jefa masu amfani da wuta kimanin dubu 225 cikin duhu a tsakiyar sanyi. Sun kuma lalata ƙananan na'urorin da ke haɗa tashoshi da ɗakin sa ido don kada a mayar da wutar daga ɗaki, suka cushe layukan tarho na karɓar koke. Abin da ya ceci mutane shi ne ma'aikatan da suka shiga motoci suka tafi tasha tasha suna mayar da makatsai da hannu, cikin sa'o'i kaɗan wuta ta dawo. Zuwa da kai ya fi saƙo. Akwai ƙa'idojin tsaro na IEC 62351 da ke sa na'ura ta tabbatar da mai magana da ita, amma kayan tasha kan yi shekaru ashirin ko fiye suna aiki, tsoho da sabo kuma na zaune tare.

Abin da ya shafi Nijar

Tun 1976 Yamai ke da wayar volt dubu 132 daga Birnin Kabi. A watan Nuwamba 2011 matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram ta fara aiki, da bututu mai kilomita 462 daga Agadem. An ƙaddamar da babban bututun Binin a Nuwamba 2023, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a Seme a watan Mayu 2024. An tsara shi ya ɗauki ganga dubu 90 a rana, wato fiye da ganga 60 a minti guda, kusan lita dubu 10. A watan Yuni 2024 an kai masa hari aka fasa wani sashe. A kan bututu irin wannan, ɗakin sa ido na gane ɓula ne ta faɗuwar matsi da kuma saɓani tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fita, lissafin da ba ya yiwuwa sai awon tashoshi ya iso a kan lokaci kuma agogunansu sun daidaita.

Ko labari ya iso, sai an samu mai gaskata shi. A watan Yuli 2010 bututun kamfanin Enbridge ya fashe kusa da garin Mashal a jihar Mishigan ta Amurka. Ƙararrawa ta buga a ɗakin sa ido da ke Kanada, ma'aikatan suka fassara ta da cewa giɓi ne kawai ya samu cikin man, har suka sake tada famfuna sau biyu. Sa'o'i 17 suka wuce kafin wani da ke wurin ya ga man da idonsa ya bugo tarho. Fiye da lita miliyon 3 sun zuba, wani kashi ya shiga kogin Kalamazu.

Batun bai tsaya ga manyan kamfanoni ba. Famfunan ruwa masu aiki da hasken rana sun yawaita a karkara, cikin na zamani kuma akwai masu ɗauke da katin salula da ke aika labarin aikinsu. Magajin gari ko kwamitin ruwa da za a kawo wa irin wannan kaya na da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. In hanyar saƙo ta yanke, bayan minti nawa za a sani, kuma wa za a gaya wa? Allon na bambanta lambar yanzu da ta jiya? Me injin zai yi da kansa in ya daina jin umurni, tsayawa ko ci gaba? Wa ke riƙe da kalmar sirri bayan ɗan kwangila ya tafi, wa zai biya kuɗin katin? Ƙa'idar zancen ta kowa ce, ko sai kamfani ɗaya ke jin ta? Daga ƙarshe, akwai ɗan ƙasa da aka horar, mai babur da mabuɗin tasha, wanda zai iya zuwa ya tada injin da hannu ranar da allo ya daina magana?